Yau anka raba gadon Inna

Asabar. Tun da sassafe Kawu ya iso daga Argungu shi da malamin da zai yi rabon, ni ko barcin kirki ban samu ba jiya saboda ƙirgar kaya, kwanonin samira ne, zannuwan da ba ta kai ga ɗinkawa ba, injin markaɗe, tumaki, ga 'yar gonar shinkafa can fadama da sai da anka kira masu sanin farashi sunka yi mata kuɗi. Allah ya jiƙan Inna ya kai haske kabarinta.

Da anka fitar da bashi da wasiyya Malam ya gyara zama ya ce to, miji na da rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu, tunda akwai ɗiya, mahaifiyarta kuma Hajiya kaka tana raye tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, abin da ya rage na 'ya'ya ne namiji rabon mata biyu. Bai ƙarasa ba ƙanwata ta ce a hankali "sha biyu". Malam ya ɗago ya ce wa ya faɗi? Mu dai munka kalli juna. To ai LCM ne na 4 da 6, wato lamba mafi ƙanƙanta da 4 da 6 duk ke raba ta ba saura, shi malam asalin mas'ala yake ce mai, Baba ya ɗauki 3, kaka 2, saura 7, mu kuma maza biyu mata ukku, kashi 7 cif ba ko ɓurɓushi. Yaya ya ce wallahi kamar Inna ce ta tsara abinta, dariya ta kuɓuce mana a wurin da bai kamata ba, Gwaggo ta harare mu, can kuma na ga Baba ya juya kai yana share ido da bakin rawani.

Wanga lissafi a tsakar gidanmu munka koye shi ba a aji ba, don Inna malamar lissafi ce. Matan unguwa in an yi musu rasuwa kafin a je gaban alƙali ko malam wurin Inna suke fara zuwa, ba don ta yi fatawa ba, kullum tana faɗin ita ba malamar fiƙihu ba ce, sai dai ta zaunar da mace ta zana mata a ƙasa da tsinke mi ake nufi da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas na nawa ne, don kada a karanta mata lamba ta ce to alhali ba ta gane ba. Haka masu adashe. Haka manoman shinkafa lokacin zakka, ta ce wanda ruwan sama ya shayar buhu ɗaya cikin goma, wanda ka sha wahalar injin ban ruwa da fetur ɗaya cikin ashirin, kuma mu take sa wa mu yi rabawar da ka tana tankaɗe.

Bayan azahar munka buɗe adakarta. Malam ya ce littattafai ma dukiya ne a yi musu kuɗi, amma wa zai sayi lesin not? Ga su nan jere an ɗaure da kyalle shekara-shekara, rubutun nan nata mai kwanciya gefe, jan biro ya koma ruwan ƙasa. Na farkon tun 1976 ne, shekarar da anka fara UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, zamanin Obasanjo, lokacin da ake neman malamai ido rufe, ita kuma ta fito da takardar malanta ta Grade II anka tura ta firamare a ƙauye yara sun fi ƙarfin benci. Daga baya ta tafi Sakkwato ta yi NCE da goyon Yaya a bayanta, ta koma sakandaren 'yan mata, da anka yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991 ta dawo Birnin Kebbi, nan ta zauna har ta cika shekara 35 ta aiki ta aje alli. Har tsohon teburin log ɗinta na nan duk ya yage ta like da salatif, yaran yanzu ko sunanshi ba su sani ba sai kalkuleta.

Ita fa da fam da sule ta fara lissafi. Kwabo 12 sule, sule 20 fam, ga sisi ga taro, sai a 1973 anka kawo naira da kwabo fam ya koma naira biyu sule kwabo goma. Takan ce duk wanda ya yi ƙirga da sha biyu da ashirin tun yana yaro, goma-goma wasa ne gare shi, shi ya sa tsofaffin kasuwa da ba su taɓa shiga aji ba ba a cutarsu a canji. Ni dai na yarda da ita a nan.

Ba wai mai sanyi ce ba fa, kar wanda ya karanta ya ɗauka haka. In ka kawo mata amsa daidai ba ka nuna hanya ba sifili ne, ta ce "ina aikin? Amsa ko maƙwabcinka na iya ba ka." In kuma hanya ta yi kyau ka ɓata a layin ƙarshe sai ta ba ka kusan duka makin ta zagaye wurin kuskuren kawai. Lokacin WAEC da NECO zaurenmu cika yake da 'yan mata bayan la'asar ko sisi ba ta karɓa, wadda anka cire don aure kuwa har gida take bin uban, wani ya saurare ta wani ya ce Malama a yi haƙuri an riga an sa rana. Waɗannan ba ta son maganarsu, in anka tuno sai ta tashi ta shiga madafa.

Da yamma wata ɗalibarta ta zo gaisuwa daga Jega, sai yanzu ta ji labari, nas ce yanzu, ta zauna kusa da Baba ta ce "Baba, duk allurar da zan auna wa yaro da nauyinshi sai na rubuta aikin a takarda tukuna, tsoron Malama bai bar ni ba." Baba ya ce Allah ya yi miki albarka ɗiyata, ki riƙa sa ta a addu'a.

Littattafan dai anka bar su ba rabo da yardar kowa, ƙanwata za ta riƙe tunda ita ke koyarwa, amma na 1976 na ce sai na yi mai hoto shafi-shafi kafin ya bar gidan. Gobe in Allah ya kai mu ni da Kawu za mu kai ma kaka nata kason Argungu, ta riga ta aiko cewa tumakin take so ba kuɗi ba, don haka sai an nemo mota mai buɗaɗɗen baya, Yaya ya ce zai yi magana da wani a tasha da asuba.