Tafiyata Kogin Madison, inda ake yaudarar kifi da gashin tsuntsu

Daga garin Bozman na jihar Montana a Amurka zuwa Enis tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Hanyar tana bin gefen Kogin Madison, ta rabu da shi ta hau tudu bayan Noris, sannan ta gangara cikin wani kwari mai faɗi, duwatsu dama da hagu, ciyawa duk ta bushe don Agusta ya kama. Enis ɗan ƙaramin gari ne, amma motocin da ke cikinsa ko suna jan kwale-kwale, ko an ɗaure musu sandunan kamun kifi a rufi. Turawut, wani kifin ruwan sanyi, shi ne ya tara mutane, da irin kamun da ake yi masa babu koto. Ni ma abin da ya kawo ni ke nan.

A wannan kamu babu tana, babu gutsuren nama. Ƙugiya ake naɗa wa gashin tsuntsu da na barewa da ɗan zare, har ta ɗauki siffar ƙwaron da kifi ke ci. Nauyinta bai taka kara ya karya ba, ko ka wurga ta ba inda za ta je. Saboda haka zaren ne aka yi mai nauyi, shi ake jefawa, ƙwaron bogin ya bi bayansa. Jagoran da na samu, wani dattijo da rana ta gasa wa fuska, da wannan ya fara. Ya miƙo mini sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 5, ya ce ita ce ta dace da kowa a kogi irin wannan. Lambar ta zare ce: a lamba 5, ƙafa 30 na farko suna da nauyin kusan giram 9, kuma sandar an ƙera ta ne don ta lanƙwasa daidai da wannan nauyi. A bakin zaren mai kauri akwai wani siriri marar launi, shi ma wajen ƙafa 9, yana daɗa sirancewa har zuwa inda ake ɗaure ƙugiya, don kada kifi ya ga abin da ke riƙe da abincinsa.

Ba a ruwa muka fara ba, a kan ciyawa ne, da ɗan guntun ulu a madadin ƙugiya. Ka ɗaga sanda baya da sauri ka tsayar da ita cak, ka jira zaren ya miƙe a bayanka, sannan ka turo gaba ka sake tsayarwa. Tsayawar nan biyu su ne jifar, ba ƙarfin dantse ba. Mai gaggawa zai ji zaren ya yi ƙara "fyat" a bayansa, sau da yawa ma ƙwaron ya tsinke ya tafi. Wanda kuma ya danna da ƙarfi tun farkon turawa, sai ya tarar da ƙulli a siririn zaren, ya ɗora wa iska laifi. Dattijon ya ce in juya kaina in kalli zaren yana warwarewa a baya, babu kunya a ciki. Ya kuma hana ni taɓa sanda sai da hula da tabarau, don iskar kwarin nan takan taso da rana, kuma idan tana bugowa daga ɓangaren hannun jifa, kunnenka ƙugiya za ta nufa.

Washegari da sassafe muka nufi kudu a kan babbar hanya mai lamba 287, muka wuce gadar Layons. Daga wannan gada zuwa sama ba a yarda a yi kamu daga cikin kwale-kwale ba, sai dai a shiga ruwa da ƙafa. Na sa wandon roba mai kaiwa ƙirji, na ɗaure bel tamau don kada ruwa ya cika shi idan na faɗi. Dokar jihar ta 1985 ta ba kowa damar bin kogi har zuwa iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika, ko da filin gefe na wani ne, muddin dai ta halattacciyar hanya ka shigo. Madison a nan ba shi da zurfi sosai, amma gudu yake yi babu hutu a kan duwatsu masu santsi, har masunta na yi masa laƙabi da gudun mil 50.

A nan ne na gane cewa jifar da kowa ke ta damuwa da ita ƙaramin abu ce. Yawancin kifin da na ga an kama bai fi nisan ƙafa 30 daga mai kamawa ba. Aikin yana farawa ne bayan ƙwaro ya sauka. Ƙwaron gaske idan ya faɗa ruwa, ruwan ne ke ɗauke da shi, yana tafiya daidai da kumfar da ke gefensa. Naka kuwa a ɗaure yake da zare, zaren kuma yana kwance a kan ruwa iri-iri, wani mai sauri, wani mai jan ƙafa. Da zarar ruwa mai sauri ya kama tsakiyar zaren ya yi masa ciki, sai ya fara jan ƙwaron.

Na ga wannan da idona a bayan wani dutse mai girman buhu. Mun ɗaura farar bogi ta soso mai ƙafafun roba, don lokacin fara ne kuma iska na kwaso su daga ciyawa ta zuba a kogi. Farar ta sauka a kan layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Ta yi tafiyar taku biyu lafiya lau. Wata inuwa mai ruwan ƙasa ta taso daga ƙasa, ta biyo ta da baya-baya, hanci kusa da ita. Sai zaren ya miƙe, farar ta ɗan ja gefe, ta bar wani ɗan tsagi a kan ruwa wanda bai kai faɗin yatsa ba. Inuwar ta nutse, ba ta sake fitowa ba. Ba launin farar kifin ya ƙi ba, ba girmanta ba. Tafiyarta ce ba ta yi masa ba.

Maganin a wuyan hannu yake. Da ƙwaro ya sauka, sai ka ɗaga bakin sanda ka juya ta rabin da'ira, ka ɗauke cikin zaren ka kwantar da shi can sama, ta inda ruwa ke fitowa, ba tare da ka motsa ƙwaron ba. Kafin ruwa ya sake cin wannan sassaucin, ƙwaronka ya samu 'yan daƙiƙu yana tafiya a sake. Dattijon yakan yi sau biyu, sau uku a jifa guda, ko kallon hannunsa ba ya yi. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka matso kusa, ka ɗaga sanda sama, zaren ya bar ruwa gaba ɗaya. Kifi kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, don haka wanda ya lallaɓo ta bayansa zai iya kusantarsa fiye da yadda ake zato, musamman a ruwa mai hayaniya kamar wannan.

Tambayar da na fi ji a bakin kogi ita ce wane ƙwaro ke ci yau. Jagorana bai cika amsa ta da baki ba. Hannu yake sawa ya ɗago dutse daga ruwa ya kifa shi. A ƙarƙashi za ka ga 'yan halittu baƙaƙe masu ƙafa shida suna rarrafe, da wasu ƙananan kwanso da aka gina da tsakuwa, tsutsa a ciki. Waɗannan su ne abincin turawut na yau da kullum, domin a ƙarƙashin ruwa ya fi cin abinci, fitowa sama lokaci-lokaci ne. Shi ya sa ya ɗaura wani guntun zare a lanƙwasar ƙugiyar farar, ya rataya ƙaramar tsutsar bogi mai kan ƙarfe, lamba 16. A ƙugiya, yawan lamba ƙanƙanta yake nufi. Farar tana iyo a sama, tsutsar na bin ƙasa, idan farar ta nutse ko ta tsaya ba dalili sai ka ɗaga sanda. Ni a ganina girma da tafiya sun fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma masu cika akwati da ɗaruruwan ƙwari sun fi faranta wa kansu rai fiye da kifi.

A kan tsutsar na kama na farko, turawut mai jan zane a gefe irin na bakan gizo. Ya yi tsalle, ya ja zare ya bi ruwa, na bar shi ya ja maimakon in riƙe, don siririn zaren ba ya jure fizga. Mun matse ƙayar ƙugiyar tun farko, don haka ta zare cikin sauƙi. Na jiƙa hannu kafin in taɓa shi, kansa bai bar ruwa ba, ya kaɗa wutsiya ya tafi. Iyayensa a kogin nan suka haife shi. Wani masanin kifi, Dik Binsent, ya yi bincike a Madison ya gano cewa zuba kifin kiwo yana rage na daji, daga nan jihar ta daina zubawa a kogunanta a 1974. A 1994 kuma aka gano wata cuta da ke lalata guringuntsin 'ya'yan masu bakan gizo har su riƙa juyi a wuri ɗaya, ta kusa ƙarar da su, kafin daga baya su farfaɗo.

Gaba kaɗan da inda muka tsaya akwai tafkin da girgizar ƙasa ta haifar. Daren 17 ga Agusta, 1959, gefen dutse ya zaftaro ya toshe kogin, mutum 28 suka rasu a girgizar. Har yau matattun itatuwa na tsaye a cikin ruwan. Muka wuce tafkin Hebgen muka shiga gandun Yelowston, wanda aka kafa a 1872, inda kogunan Fayahol da Gibon ke haɗuwa su zama Madison. Lasisin Montana ba ya aiki a nan, gandun yana da nasa izinin, kuma an hana kayan kamu na darma, da ƙugiya mai ƙaya, da takalmi mai tafin tsumma, don yakan kwaso ƙwayoyin cuta daga wani kogi zuwa wani.

Fayahol na so in gwada, amma dattijon ya tsoma ma'aunin zafi a ruwa ya girgiza kai. Maɓuɓɓugan ruwan zafi ne ke kwarara cikinsa, da bazara yakan yi wa turawut ɗumi da yawa. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kifin da ya sha kokawa a cikinsa yana iya mutuwa ko an sake shi. Ko a Montana, idan zafin kogi ya kai digiri 73 a ma'aunin Faranhait kwana uku a jere, akan hana kamu daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Ya ce a bar Fayahol sai Satumba. Muka mayar da sanduna mota, muka kama hanya mai lamba 191 zuwa Kogin Galatin, wanda ruwansa ya fi sanyi.