Shaho Cikinsa Yake Bi: Darussa Daga Horon Tsuntsayen Farauta

Wanda ya saba da kiwon tattabaru ko horon doki yakan shigo harkar shaho da zaton sabo da kyautatawa za su sa tsuntsu ya so shi. Shaho bai san wannan ba. Ba a garke yake rayuwa ba, balle ya san bin na gaba, tsawa da duka kuwa tsoro kawai suke ƙara masa. Abu guda ke dawo da shi hannu bayan an sake shi: ya gane cewa naman da ke wannan hannun ya fi na daji sauƙin samu. Shi ya sa a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda sana'ar ta daɗe har UNESCO ta sa ta cikin al'adun gado na duniya a 2010, sikeli ya zama kayan aikin da ba a wasa da shi, domin nauyin tsuntsu ne ke nuna yunwarsa.

Ana auna tsuntsu kullum, a lokaci ɗaya, kafin ya ci, a rubuta a littafi tare da abin da ya ci jiya da yadda ya amsa kira. Mace ta fi namiji girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ita ce ma Larabawa suka fi so a farauta. Macen shahin, wani nau'in shaho mai tsananin sauri, takan kai gram 900 zuwa sama da kilo ɗaya, amma gram 20 ko 30 kacal sun isa su sauya mata hali. In nauyi ya hau, sai ta zauna kan reshe tana kallon mai kiranta kamar ba ta taɓa ganinsa ba. In ya sauka da yawa, ƙarfi ya tafi, ido ya ƙanƙance, tana iya mutuwa a dare ɗaya na sanyi. Masu sana'ar kan fara lissafi da rage kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin tsuntsu ƙosasshe, a hankali cikin kwanaki, amma wannan mafari ne kawai, kowane tsuntsu da nasa adadin. Sikeli kuma ba ya bambanta tsoka da kitse. Dole a shafa ƙashin ƙirji da yatsa: in ya fito kamar bakin wuƙa, tsuntsu ya rame, kome littafi ya ce.

Tsuntsu mai wannan girman yana cin gram 100 zuwa 150 a rana, gwargwadon sanyi da yawan tashi. Zallar tsoka ba abinci ba ce. Wanda aka riƙa ba jan nama kaɗai ƙashinsa zai yi laushi, musamman ƙarami mai girma. Ana ba shi salwa, 'yan tsaki ko ɓera, da ƙashi da gashi da kayan ciki. Washegari zai amayo dunƙulen gashin da bai narke ba. Ba a ba shi sabon abinci sai an ga wannan dunƙulen a ƙasa, kuma a duba shi: mai ƙarfi marar wari alamar lafiya ce, mai yauƙi da ɗoyi kuwa a nemi likita. Naman tattabara na sa ƙiba da sauri, kuma yana iya ɗauko cutar da ke sa farin abu kamar cuku a baki da maƙogwaro, don haka ake cire kai da wuya, a daskarar da sauran kafin a bayar. Dabbar da aka harbe da bindiga ba a bayarwa sam, ƙwayar dalma ɗaya ta isa guba.

Horon kansa ba sihiri ba ne, zama ne. Ana sa wa sabon tsuntsu hular fata mai rufe ido, wadda Larabawa ke kira burƙa, domin shaho in bai gani ba sai ya natsu. A ɗaura masa maɗaurin fata a kowace ƙafa, a haɗa su da zobe mai juyawa, sai igiya. A ɗauke shi a hannu sa'o'i, a fara cire hular a ɗaki mai duhu-duhu, kada a zuba masa ido, domin a wurinsa mai ƙura ido mai shirin cinye shi ne. Ranar da ya sunkuyar da kai ya ci nama a hannu, an ci rabin aikin. Daga nan taku ɗaya zuwa hannu, sai tsalle iyakar tsawon igiya, sai doguwar igiya marar nauyi a fili, mita 10, mita 25, har 50. Sannan a kawo tilwa, wato fukafukan da aka ɗaure wuri ɗaya da ɗan nama, ana wulwulawa ana kiran sunansa. Mutanen da suka gaji abin sukan zauna da shahonsu a majalisa cikin hayaniyar jama'a, cikin mako biyu zuwa uku ya shirya.

A nan ake yawan ɓata tsuntsu. Kira uku ko huɗu masu kyau a rana sun fi goma da ake roƙonsa. In bai taso nan take ba, a ɓoye naman, a duba nauyi gobe. Mafi muni shi ne ƙwace masa abin da ya kama. Sau biyu aka yi masa haka, zai koyi baza fukafukai ya rufe abincinsa, ko ya ɗauka ya gudu, kuma wannan hali da wuya ya gyaru. Ana zuwa masa ne a durƙushe, ta gaba, a miƙa masa wani naman a hannu, ya hau da kansa, sannan a janye abin da ya kama ta inda bai gani ba.

Ranar sakinsa ba igiya, a gwada batirin na'urar bin sawu da ake ɗaura masa don a san inda yake, a canza maɗaurin ƙafa da wanda ba shi da tsaga don kada ya sarƙe a reshe. Kada a sake shi gab da magariba, ko cikin iska mai ƙarfi, ko kusa da turakun lantarki.

Da yawa daga cikin cututtukan da ake kai wa asibitin shaho na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 1999, daga wurin da ake ajiye tsuntsu suke farawa. Mazauni mai tauri ko santsi, tare da ƙiba da rashin tashi, na kawo kumburin tafin ƙafa. Ciyawa mai laima da ɗaki marar iska na kawo ƙwayar fumfuna cikin huhu, kafin a ga numfashi ya canza ta yi nisa. Gashin fiffike da ya karye kuwa ana dasa shi: a yanke daidai, a zura siririn tsinke da gam cikin ramin gashin, a haɗa da irinsa da aka adana tun lokacin zubar gashi.

Masu kai irin waɗannan tsuntsaye makarantu don wayar da kai suna da nasu haɗarin. Yaro ya ga shaho ya sauka a hannu, gobe sai ya hau bishiya neman ɗan shirwa. Dole mai koyarwa ya faɗi daga ina tsuntsun ya fito, ya nuna zoben ƙafarsa na wanda aka ƙyanƙyashe a gida, ya bayyana cewa ɗan da mutum ya yi rainonsa tun yana tsako ba ya iya komawa daji. Kuma ya hana shafa shi, don maiƙon hannu na ɓata gashi. Labarin shahin a Amurka yana da amfani a aji: maganin ƙwari DDT ya sa ɓawon ƙwansa ya yi sirara yana fashewa, aka hana maganin a 1972, masu horon shaho suka taimaka wajen kiwo da saki, aka cire shi daga jerin masu ƙarewa a 1999. Sai dai ɗalibin Kano ko Maraɗi ba sai an kai shi nesa ba. A tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, guba da cinikin sassan jikinta don magani na cikin manyan dalilai, kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.