Kafin ka ce nozul ne, me ka auna?

Jiya da hantsi aka kawo wata motar gas ta zamani garejin maƙwabcina a nan Kwangila, tana rawa a sulo, salansa na fitar da farin hayaƙi. Ogan wurin ya tafi Kano sayen kaya, sai babban yaronsa. Ya jona kwamfuta, ta ba shi lambar matsala P0302. Ko bonet bai ɗaga ba ya ce wa mai motar, "Alhaji, nozul ne, duka huɗun za a canja." Na ja shi gefe na ce, "Ɗan nan, me ka auna?" Ya ce, "Baba, ai kwamfuta ta faɗa." Abin da lambar nan ta faɗa kawai shi ne silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai. Ba ta ambaci nozul ba, wato abin da ke fesa gas cikin silinda. Ko da ta ambata, me sauran ukun suka yi?

Raina ya ɓaci sosai, domin maganar da ya yi ita na taɓa yi wa wani bawan Allah, kuma har yau ba ta bar ni ba.

Lokacin maigidana bai daɗe da yaye ni ba. Mutumin yana jigilar masara daga kasuwar Giwa da tsohuwar Hilux mai injin 3L, ana tsakiyar kaka, hunturu ya fara shigowa. Da safe sai an sha fama kafin ta tashi, ta cika wuri da farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gas. In ta yi zafi hayaƙin ya ragu, amma rawar tana nan, kuma ba ta jan kaya. Farkon aikin daidai na yi shi. Na bar ta a sulo, na riƙa sassauta notin bututun kowane nozul da sifana. Na ɗaya, inji ya ƙara rikicewa. Na biyu ma haka, na huɗu ma haka. Da na sassauta na uku ko gezau, ka ga silinda ta uku dama ba ta aiki. A nan ya kamata in tsaya in tambayi dalili, sai na ce nozul. Ya sayo huɗu na ɗaura, ba abin da ya canja. Maimakon in koma baya, sai na ce to famfon da ke tura wa nozul mai ne. Muka kwance shi aka kai Kaduna, aka dawo da shi, motar tana nan yadda take.

Zan faɗi abin da ke kare ni, don akwai shi. Ba ni da ma'aunin kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska a silinda, a lokacin, garejojin da ke da shi ma ba su da yawa. Nozul ɗin da na cire sun ci, ko ba a ranar ba za a canja su. Mutumin kullum yana tsaye a kaina, kowace safiya lodi na wuce shi. Kuma haka aka koya mana, ciwon injin gas nozul ne ko famfo. Duk gaskiya ne. Amma akwai gwajin da ko kwabo ba ya ci, na san shi, ban yi ba: in ɗauke nozul na uku in mayar da shi na biyu, in ga ko ciwon zai bi shi. Ban yi ba saboda na riga na furta magana a gaban mutane, ina jin kunyar janye ta.

Wani dattijo mai gyaran manyan motoci a Ɗan Magaji ne ya raba gardamar. Ya zare wayar da ke buɗe wa famfo mai, ya ce a yi kik. Inji na juyawa, sau uku da nauyi, na huɗun ya zarce fuu ba abin da ya tare shi. Ya mayar da wayar aka tayar, ya kara takarda a bakin salansa, muka ga ana hura ta ana zuƙo ta. Ya ce, "Bawul ya ƙone, ɗauke tof." Da muka ɗauke tof ɗin, wato kan injin, haka muka tarar. Injin gas ba shi da fulogin wuta, iskar da fistin ya matse ce ke yin zafin da ya haura digiri 500, gas na shiga ya kama. Lafiyayyar silinda a irin injin nan tana matsa kusan bar 30 (da bar ake auna matsi). In ta faɗi ƙasa da 20, ko sabon nozul daga kamfani ka sa mata, ɗanyen mai za ta riƙa turowa.

Kafin a gama, kaka ta wuce, mutumin ya sayar da sansa na huɗa ya biya bashin kaya. Bai zage ni ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a mu gaisa, amma bai sake kawo mini mota ba.

Yaran gareji, na zauna da niyyar jero muku abubuwa da yawa, na ga ba za ku karanta ba, ku da ba ku iya minti biyar ba ku duba waya ba. To ga kaɗan. Ku fara gano ko silinda ɗaya ce ko duka. In duka ne ke tuntuɓe, yanzu lafiya anjima ba lafiya, ku nufi abin araha: filtar gas, ruwan da ya kwanta a gindinta, ƙurar hunturu a filtar iska, da tiyon da ya tsage yana shan iska. Sa guntun tiyo mai haske kafin famfo, kumfa za ta nuna kanta. Ku tambayi direba inda ya sha mai, in na bumburutu ne a zuba a kwalba a duba. In hayaƙin na mintin farko ne da sanyin safiya sannan ya washe, a duba hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar. In kuwa silinda ɗaya ce, to nozul ne, ko wayarsa, ko kwamfireshan, kuma ba wanda ya isa ya san wanne sai ya auna.

Ku koyi sauraron inji, dattijon nan da kunne ya kama abin da ya gagare ni. Amma kada ku yarda da kunnenku, bai nuna ba tukuna. Ku tara kuɗi ku sayi ma'aunin kwamfireshan, bai kai kuɗin wayar da ke aljihunku ba.

Sifanan nan da na ce na sassauta noti da shi, kada wanda ya kuskura ya gwada a motar zamani tana aiki. Tsohon nozul irin na 3L bai kai bar 200 ba yake buɗewa, na yanzu man da ke bututunsa yana kai 1,600 har ya wuce, yana huda fata ya shiga tsoka. A irin waɗannan, kwalabe huɗu ake jonawa a bututun da ke mayar da mai, wadda ta riga sauran cika ita ce ta nozul mai yoyo. In an sauya nozul kuma, sai an shigar da lambarsa a kwamfutar motar.

Ku iya cewa "ban gano ba tukuna, Alhaji." Ko da yake kada ku faɗe ta da fuskar wanda ya rikice, sai ya ɗauke motar ya kai wa wanda ya fi ku ɓarna. Ku ce masa a ba ku zuwa la'asar, ku faɗa masa abin da za ku auna da kuɗin awon, kuma kada ya sayi ko washa ɗaya sai ya ga allurar ma'aunin da idonsa.