Wari na nan, ƙarfi ya tafi: yadda muke gwada maganin darbejiya

A shekara ta biyu da fara zuba maganin ƙwari na darbejiya a kwalba, wani manomin tumatir daga wajen Kura ya dawo mini da katan biyu. Ya dire su a ƙofar ofis, ya ce, "Alhaji, na bana kam ruwan ɗaci ne kawai. Sau uku na fesa, tsutsa ko gezau." Na buɗe ɗaya na shinshina. Warin nan mai kama da tafarnuwa yana nan daram, launi ma bai sake ba. Na so in yi gardama, sai na tuna mutumin nan ya saya bara, har ya turo mini maƙwabtansa. Me zai ci da ƙarya?

Mu shida ne a kamfanin. Mata na kawo mana 'ya'yan darbejiya a buhu, mu ɓare, mu shanya a inuwa, mu matse man, sannan mu jiƙa tunkuzar a sifirit don tsamo abin da ke aikin. Sunansa azadiraktin. A 1968 Butterworth da Morgan suka ware shi a Ingila. Ba ya kashe ƙwaro nan take; yana hana shi ci, yana kuma hana tsutsa yin saɓa, sai ta ƙare a haka. Sinadari ne mai wuyar sha'ani, don sai da masana a Kambirij suka kwashe shekara 22 kafin su iya haɗa shi da hannu a 2007. Ga shi kuma ba ya jure wahala: rana na kashe shi, zafi na kashe shi, ruwa mai kanwa-kanwa na cinye shi da sauri. Warin da ya ruɗe ni na wasu sinadarai ne masu farar wuta, su kuwa ba ruwansu.

Laifin na sifirit ɗinmu ne. Etanol na kasuwa, wato sifirit ɗin da muke jiƙa tunkuza a ciki, ko mai kyan, kashi 96 ne cikin ɗari, sauran ruwa. Wanda na sayo a durom a wancan karon kuwa, an yi masa ƙari a hanya. Katan ɗin suka yi watanni a shagon dillali mai rufin kwano, cikin zafin Afrilu. Daga baya na gano ashe tun 1992 kamfanin W.R. Grace na Amurka ya yi rajistar mallakar wata dabara a kan wannan matsalar, kuma ginshiƙinta shi ne rage ruwa da zaɓen ruwan narkarwa da ba ya taɓa sinadarin. Ni sai da na yi asara na koya.

Yanzu duk haɗin da za mu fitar sai ya shiga tanda. Ƙa'idar da masu maganin ƙwari ke bi a duniya ita ce kwana 14 a digiri 54, wanda ake ɗauka kamar ajiyar shekara biyu a ɗaki. Muna raba abin da muka tsamo daga darbejiya gida huɗu, kowane kashi da irin ruwan narkarwarsa: a etanol na kasuwa, a etanol da muka tsane wa ruwa, a asiton, da etil asitet. Kowanne a ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, uku-uku, wasu ukun kuma a firji don a sami abin kwatance. Metanol, wani irin sifirit daban, na tsamo sinadarin sosai, amma ba na barinsa kusa da kayan da za su je gona. Yana makantarwa, kuma na san yadda ake juye magani a robar ruwan sha a ƙauye.

Gwajin farko abin dariya ya zama. Asiton na tafasa a digiri 56, mu kuma tanda na 54, murafunmu na roba. Da sakamako ya dawo daga ɗakin gwajin jami'ar da muke biya, sai ga azadiraktin ya ƙaru a kwalaben asiton! Har na fara murna. Yarinyar da ke riƙe mana littafin gwaji, wadda ta karanta kimiyyar sinadarai, ta ɗaga kwalbar wajen taga ta ce, "Yallaɓai, duba inda ruwan ya tsaya." Ya sauka ƙasa da zanen da ta yi da alƙalami. Asiton ya tsere ta murfi, abin da ya rage ya yi kauri. Tun daga ranar muke ɗora kowace kwalba a sikeli kafin ta shiga da bayan ta fito, wadda nauyinta ya ragu a jefar.

Wutar lantarki ma abokiyar gaba ce. Idan aka ɗauke da dare tanda ta huce, kwana 14 ɗin sun tashi a banza. Makonnin gwaji janareta ba ya hutawa, kuɗin mai kuwa kada a tambaya.

Abin da muka gani bai ɓoyu ba. Injin awon da ke ɗakin gwajin jami'ar yana zana wa kowace kwalba tsauni a takarda, tsayinsa gwargwadon yawan sinadarin. Na etanol ɗin kasuwa ya durƙushe, wasu 'yan tuddai da ba mu sani ba suka tsiro a gefensa. Na etanol tsanannen ya riƙe fiye da haka. Asiton da etil asitet suka fi kowa, sai dai etil asitet in ya sami damshi yakan fara tsami, ka ji warin binigar, asiton kuma na cin wasu robobi kuma yana kama wuta da wuri.

Mun zauna a kan etanol tsananne da ɗan etil asitet, a kwalba mai duhu. Kowane durom da ya iso sai an auna ruwansa kafin in biya. A jikin takardar mun rubuta da Hausa da ajami: a ajiye a inuwa, a gauraya da ruwa ranar da za a fesa, a fesa da yamma, kada a haɗa da toka ko kanwa. Manomin Kura na musanya masa katan biyun, ya ce zai gwada a kunya huɗu tukuna kafin ya yarda da ni.