Yadda B ɗin 'yata ya zama 4

Ranar da babbar 'yata ta kawo sakamakonta na aji 11, wato na biyun ƙarshe a sakandare, idona bai sauka ko'ina ba sai kan B ɗin da ta samu a kemistiri. Na fara faɗa tun kafin in kai ƙasan takardar. Da na kai kuma sai ga GPA, wato matsakaicin makinta, 4.09. A sanina nan Amurka 4.0 ne ƙarshen maki, don haka na ce mata makaranta ta yi kuskure.

"Baba, ba kuskure ba ne. Ba ni biro."

A bayan ambulan ɗin kuɗin wuta ta yi min lissafin, shayina na hucewa. A darasi na gama-gari A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, F kuma babu komai. Amma makarantarsu tana ƙara maki ɗaya ga darussan AP, waɗanda hukumar shirya jarrabawa ta College Board ke tsarawa daidai da karatun shekarar farko ta jami'a, tana kuma ƙara rabin maki ga waɗanda suke kira Honors. Kemistirin da nake ta mita a kai AP ne. Ashe B ɗin nan 4 ne, kafaɗa da kafaɗa da A ɗin yaron da ya zaɓi aji mai sauƙi.

Ta jera su: kemistiri 4, tarihi na AP mai A 5, Turanci na Honors 4.5, lissafi 4, Sifaniyanci 3. Kowanne kiredit ɗaya, wato nauyin darasin a lissafi. Motsa jiki ta ci A, amma rabin kiredit ne, saboda haka 2 ya ba ta. Jimla 22.5, a raba da kiredit 5.5, ga 4.09. Da ta cire ƙarin sai ya dawo 3.64.

Ninka maki da yunit, wato kiredit, ba baƙona ba ne, da shi muka yi jami'a a Najeriya, inda A ke da 5. Sai dai can ba wanda ya taɓa ƙara mana ko ɗigo don kwas ya yi tsauri.

Abin da ya rage min murna shi ne ba kowa ke awo da mudu ɗaya ba. Wata gundumar ba ta ƙarin ma sam. Jami'ar Kalifoniya kuwa sake lissafinta take yi, da sakamakon aji 10 da 11, ta kuma ƙayyade yawan ƙarin da za ta karɓa. Shi ya sa yanzu idan wani uba ya ce min ɗansa na da 4.5, nakan tambaya: bisa nawa?

Baɗi tana son ɗaukar AP huɗu. Ni kuma da biyun nan ma nakan ga fitilar ɗakinta a kunne har ƙarfe ɗaya na dare. Na ce uku, ta ce huɗu, mahaifiyarta ta ce mu bari sai bayan jarrabawar watan Mayu.