Tsakanin "idan" da "to"

Ina cikin shirin jarrabawar manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, kuma wallahi tambayoyin sharaɗi sun fi komai kama ni. Ku duba: idan lamba ta rabu da 4, to za ta rabu da 2. An ba ka 12, ta rabu da 4, shi ke nan, ta rabu da 2. An ba ka 7, ta ƙi rabuwa da 2, tabbas ba za ta rabu da 4 ba. Hukuncin nan biyu kaɗai jumlar ta yarje maka.

Tarkon yana wajen juya jumlar, a ce idan lamba ta rabu da 2, to za ta rabu da 4. Lamba 6 ta rabu da 2, amma 4 ya gagare ta. Masu tsara tambaya sun san zuciya na son juyin nan, shi ya sa suke ajiye shi cikin zaɓin amsa, sumul kamar gaskiya.