Ledar maganin Baba a hannuna take

Shekara biyu kenan ni ke riƙe da ledar maganin Baba, tun ranar da ya dawo daga masallaci nan Ƙofar Ƙaura yana dafe da ƙirji, wai zuciyarshi na fafur-fafur kamar an yanka kaza, ta yi gudu ta ɗan tsaya ta sake ɗauka. Aka yi mashi ECG, gwajin bugun zuciya, likita ya ce atrial fibrillation ce, wato ɗakunan sama na zuciya sun daina matsewa yadda ya kamata sai dai karkarwa, jini ya riƙa kwanciya yana daskarewa, in gudan ya haura ƙwaƙwalwa shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma mai ciwon nan haɗarinshi ya kai kusan ninki 5 na wanda ba ya da shi.

Magani biyu aka rubuta. Bisoprolol na rage gudun bugun, wannan Baba ya so shi don cikin kwanaki ya ji sauƙi. Warfarin kuwa, mai tsinka jini, shi ne muka sha daga a kai. Ba ya jin aikinshi a jiki, ga gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, da ake ta zuwa ana ɗibar jini don a ga lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, ga wani abokinshi a majalisa ya gaya mashi asalinshi maganin ɓera ne. Wallahi gaskiya ya faɗa, haka aka fara sayar da shi a Amurka a 1948 kafin a amince mutane su sha a 1954, amma ka je ka yi wa tsoho wannan bayanin. Kullum sai na ce Baba wanda ba ku ji ɗin nan shi ke tsare ku daga kwanciya.

Kuskuren nawa ne fa. Gudawa ta kama shi, na leƙa kemis na sayo Flagyl ban tuntuɓi kowa ba, kwana kaɗan sai ga jini a aswaki, ga tabo baƙi-baƙi a damtse ba tare da ya bugu ba. INR ta haura sosai. Likita bai yi min faɗa ba, kallona kawai ya yi, ya lissafo min: Flagyl, Septrin, diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa, duk kar a kusanta sai an tambaye shi. Ƙaho ma aka hana, wanzamin Baba har yau fushi yake da ni.

Batun ganye kuma Inna ta ɗauka an haramta alayyahu da zogale, ashe ba haka ba ne, bitamin K da ke cikinsu na rage ƙarfin warfarin, so kawai ake a riƙa ci daidai gwargwado, ba yau kwano guda ba gobe babu.

Na tambayi likita ko za a koma sababbin magungunan tsinka jini, apixaban ko rivaroxaban da ba sai an yi ta gwajin INR ba. Ya ce tunda eko, wato hoton zuciya, ya nuna ƙofar zuciyar Baba ba ta tsuke ba zai yiwu, masu wannan tsukewar ko waɗanda aka sa wa ƙofar ƙarfe a zuciya su dole warfarin. Na je na ji kuɗin wata guda, na dawo gida shiru. Jibi Talata muna da gwaji ƙarfe takwas.